Neman kalma: me za mu kira upgrade a takardar BOINC?

Malamar Kwamfuta:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da horo ranar Asabar, mai buga takarda kuma ya ce in kai masa rubutun zuwa Alhamis da la'asar, in ba haka ba sai wani makon. Shafi biyu ne kacal, bayani ga ɗalibai kan yadda za su fitar da kwamfutocin ɗakin karatunmu daga BOINC siga ta 7 su kai su ta 8. Ga wanda bai san ta ba, manhaja ce daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, tun 2002 take. Kana sa ta a kwamfutarka, duk sa'ad da na'urar ke zaune ba aiki sai ta karɓo guntun lissafi daga masu bincike, ta yi, ta mayar musu. Namu suna yi wa ayyukan bincike biyu ne, Einstein@Home na taurari da Rosetta@home na furotin, da rana, lokacin da sola ke da ƙarfi.

Distributed computing na sa masa "lissafin gayya", wannan ba na neman shawara a kai, ɗalibai sun gane shi nan take. Inda na maƙale shi ne upgrade, wato wannan hawan daga siga ta 7 zuwa ta 8. Da sai in rubuta "sabuntawa" in wuce, to amma a cikin BOINC Manager, wato tagar da ake sarrafa manhajar da ita, akwai maɓalli mai suna Update, aikinsa kuma daban. Sai client, wato ɓangaren BOINC da ke aiki a kan kwamfutarka, wanda na jefa a injin fassara ya ba ni "abokin ciniki". Ku taimaka.

Mai Labarai:
Wa alaikumus salam. Sabuntawa dai, Malama. Ita muke faɗa a iska kullum, ba wanda ya taɓa bugo waya ya ce bai gane ba.

Ɗalibar Hausa:
Ɗaukakawa fa? Na sha ganinta a fassarar wasu manhajoji. Ko haɓakawa.

Mai Labarai:
Ɗaukaka ta Allah ce. "Ɗaukaka manhajarka" kamar wa'azi. Haɓakawa kuma masu fassara sun riga sun ba wa masu ƙera manhajar, su ne ake ce wa masu haɓakawa. Kin ga an cinye ta.

Ɗan Farm Centre:
Ku tsaya tukuna, abin da Malama ta faɗa ba ƙaramin abu ba ne, Yaya Mai Labarai ka yi saurin yanke hukunci. Abu uku ne ke faruwa a BOINC, kuma mu a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano duka ofdet muke ce musu. Na farko wancan maɓallin. In ka danna shi ba abin da ke canjawa a manhajar, kwamfutarka ce kawai take kiran saba ta aikin da ka zaɓa, wato babbar kwamfutar masu binciken da ke rabon lissafi, ta kai rahoton lissafin da ta gama, ta ga ko akwai sabo. Na biyu ƙananan manhajojin da ke yin lissafin kansa, na taurari ko na furotin. Waɗannan masu binciken ne ke turo su, suna sauka da kansu, ba ruwanka. Na uku shi ne na Malama: ita BOINC ɗin kanta. A Windows sai ka je ka sauko da sabuwar ka ɗora a kan tsohuwar da hannunka, iyakar abin da take yi ta sanar da kai cewa wata ta fito.

Ga dalilin da ya sa ba za a ba su suna ɗaya ba. A ƙarshen Satumban 2021 wata takardar shaidar tsaro da shafukan intanet masu yawa suka dogara da ita ta ƙare wa'adi. Tsofaffin BOINC na Windows suna ɗauke da nasu kundin shaidu a ciki, sai suka kasa magana da wasu ayyukan. Mutum ya danna Update har yatsa ya gaji, ba abin da zai motsa, domin maganin yana wajen sauko da sabuwar siga. Yanzu ki rubuta wa ɗalibi "sabunta" a wuri biyun, ya danna maɓalli ya zo ya ce miki ya gama.

Malamar Kwamfuta:
Allah ya yi maka albarka, ƙanena. Wannan shi ne ainihin tsorona.

Tsohon Edita:
Na karanta duka. Abin da ke ba ni takaici da ku 'yan zamani shi ne kuna neman kalma a saman harshe, ba kwa tona ƙasa. Sabuntawa, haɓakawa, ɗaukakawa, duk rigar aro ce aka ɗinka wa Turanci. Bahaushe yana da kalmar wannan abu tun kafin a haifi kakan mai ƙera kwamfuta. Saɓa. Maciji in ya girma sai ya yi saɓa, ya bar tsohuwar fata a gindin kuka, ya fita da sabuwa, amma shi ne dai, da tsawonsa da dafinsa. Yaron nan na Farm Centre, ka gaya mini, in an ɗora sabuwar a kan tsohuwar, aikin da ke ciki yana ɓacewa?

Ɗan Farm Centre:
A'a Baba, ba ya ɓacewa. BOINC tana ajiye bayananta a wata jaka daban, a Windows tana cikin ProgramData. Asusunka, ayyukan da ka shiga, lissafin da aka yi rabi, duk suna nan. Sabuwar tana tashi ta ci gaba daga inda aka tsaya.

Tsohon Edita:
To madalla. Fata ta canja, maciji yana nan. Malama, rubuta "saɓar manhaja" ki kai wa mai bugawa. An gama.

Mai Labarai:
Ranka ya daɗe, hoton ya yi kyau, ban musa ba. Amma ka yi tunanin ina karantawa a rediyo: "masu amfani da BOINC su saɓa manhajarsu". Rabin masu sauraro za su ji saɓa wa umarni, sauran su ji saɓa gatari a kafaɗa. Ga saɓa alkawari, ga saɓo a maƙwabtaka. Mu kuma ba ma rubuta karin sauti balle mai karatu ya rarrabe.

Tsohon Edita:
Gari ma haka yake. Akwai garin Kano, akwai garin tuwo, wa ya taɓa tuƙa Kano? Jimla ce ke rarrabewa. Ku a gidan rediyo kun saba da gudun wahala, duk kalmar da za ta sa ku tsaya ku yi bayani na minti ɗaya sai ku ce mutane ba za su gane ba. Da haka magabatanku suka yi a 1939 lokacin da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita, da yau ba ku da kalmar da za ku karanta labarai da ita.

Ɗalibar Hausa:
Allah ya gafarta Malam, ni matsalata ba ta ma'ana ba ce, ta ginin jimla ce. Saɓa a nan suna ce, da "yi" take tafiya, kuma macijin ne ke yi da kansa. Ba mai yi wa maciji saɓa. Takardar Malama kuwa umarni ce daga farko har ƙarshe: sauko, rufe, danna. Tana bukatar aikatau mai karɓar abu kai tsaye. In ka ce "saɓe manhajar" ko "saɓule manhajar", ɗalibi zai ɗauka cire ta ake nufi, wato akasin abin da ake so. Inda kalmar ta zauna daram shi ne abu na biyu da Ɗan Farm Centre ya lissafa, wanda manhajojin lissafi ke canjawa da kansu ba tare da an taɓa su ba. A can "sun yi saɓa" ta yi daidai.

Tsohon Edita:
Ban kawo kalmata don a ba ta kujerar baya ba.

Ɗan Damagaram:
Sannunku. Mu a nan wannan rigima ba ta taso mana, don Faransanci ya riga ya raba su, mise à jour daban, mise à niveau daban. Ta farko a kai abu ga ranar da ake ciki, ta biyu a kai shi ga wani mataki. In aka bi wannan, sabuntawa ta tsaya wa ta farko, ta biyu a ce ɗaga mataki ko ɗaga matsayi. Amma bari in faɗi wata magana ko da za ta yi ɗaci. Kullum in an zauna neman kalma, Turancin Ingilishi ake ajiyewa a tsakiya a kewaye shi, kamar mu da muka yi lakwal da Faransanci ba Hausawa ba ne. A yanke a Kano, a buga a Kaduna, mu ji a rediyo. Alhali tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar a rubuce, ku can har yanzu tana cikin jerin manyan harsuna uku.

Basakkwace:
Gaya musu dai, ɗan'uwa. Mu ma nan Sakkwato haka munka saba gani. Abin da Bakano ya faɗi shi ad daidaitacciyar Hausa, namu kuma karin harshe.

Mai Labarai:
To fa. Malama ta tambayi kalma ɗaya, an tayar da yaƙin Kano da Gobir. Ɗan Damagaram, shawararka ta ɗaga mataki ta fi ƙorafinka amfani. Amma ka sani, ku ma in kun shiga wajen mai gyaran waya a Zinder ba ɗaga mataki kuke cewa ba, mizajur kuke cewa, kamar yadda namu ke cewa ofdet.

Ɗan Damagaram:
Haka ne. Ban ce mun fi ku ba, cewa na yi a riƙa tambayarmu.

Tsohon Edita:
Ɗaga mataki fassarar Faransanci ce, sabuntawa fassarar Ingilishi, an gudu ba a tsira ba. Kuma ofdet da mizajur ɗin nan da kuke ta maimaitawa, su ne cutar. Yaro ya tashi bai san sunan komai da harshen uwarsa ba. In kun ƙi saɓa don hassada, to ku ɗauki garambawul, aƙalla Hausa ce tsantsa. "Yi wa manhaja garambawul." Kowa ya san ta, har majalisar ministoci ana yi wa.

Ɗalibar Hausa:
Baba, a yi mini afuwa, garambawul daga general overhaul ta fito, bakin makanikai ne ya lanƙwasa ta. Manhaja da siga da lissafi kuma duk daga Larabci. Ba ina cewa ba Hausa ba ne, sun zama Hausa. Ina cewa dai in tsantsa ake nema, takardar Malama ba za ta kai layi biyu ba.

Tsohon Edita:
Yarinya, lokacin da nake gyara rubutun mutane ba a yi auren iyayenki ba. Aro daga Larabci da aro daga Nasara ba ɗaya ba ne, ɗaya da alkalami da allo ya shigo, ɗaya da bulala.

Basakkwace:
Amma garambawul ɗin da kac ce a ɗauka, da wanne ta shigo?

Ɗan Farm Centre:
Ko ta ina ta shigo, ba ta dace ba. Garambawul kwance inji ne a wanke a mayar. Wannan in za a kamanta shi a BOINC, shi ne a goge komai har da jakar bayanai a fara daga farko, kuma abin da ba ma so ɗalibai su yi ke nan. Kowane guntun lissafi yana da wa'adin mayarwa. In ka goge shi, saba tana jira har wa'adin ya wuce kafin ta ba wani, ka ɓata wa masu bincike lokaci, kai ma ka rasa makin aikin da ka yi.

Malamar Kwamfuta:
Jama'a don Allah. Yau Laraba. Baba, wallahi ina girmama ka, kuma saɓa ta burge ni, amma ɗalibaina 'yan shekara sha tara ne, wasunsu a birni suka tashi, ba su taɓa ganin saɓar maciji ba. Ingantawa fa? Ba wanda ya ambace ta.

Mai Labarai:
Ingantawa alkawari ce. Kina cewa sabuwar ta fi tsohuwar, ba kullum ba ne kuwa.

Ɗan Farm Centre:
Gaskiya ne. Ku tambayi masu Folding@home, wata manhajar gayyar ce daban, ta fito daga Stanford a 2000, ita ce ta tara ƙarfin lissafi na ban mamaki a 2020 da mutane suka yi ta shiga saboda korona. Da suka koma siga ta 8 sun mayar da kula da ita cikin burawuza, tsofaffin masu amfani da yawa ba su ji daɗi ba, sun fi son tsohon allonsu. Ka ce musu an inganta, su ce a wajen wa. Abin da ba a jayayya a kai shi ne lamba ta hau, daga 7 zuwa 8. Ni da za a bi ta tawa, a ɗauki ɗagawar Ɗan Damagaram a haɗa da siga. Ɗaga siga. "Ɗaga sigar BOINC zuwa ta 8."

Ɗalibar Hausa:
Wannan tana karɓar umarni, tana karɓar korewa: kada ka ɗaga siga ana tsakiyar aiki, an ɗaga, ba a ɗaga ba. Abu ɗaya ne, ɗaga tana nufin jinkirtawa ma, kamar an ɗaga taro, an ɗaga biki. Amma "zuwa ta 8" tana toshe wannan.

Ɗan Damagaram:
Na yarda, da sharaɗin a tuna daga inda rabinta ya fito.

Tsohon Edita:
Kun ƙi tawa don tana da ma'ana biyu, kun ɗauki wadda ke da ma'ana biyu. Allah ya kyauta.

Mai Labarai:
Ranka ya daɗe, a nan kam ka kama su. Ni dai a iska sabuntawa zan ci gaba da cewa, don mai sauraro ba ya gaban maɓalli. A takarda kuwa ɗaga siga ba laifi. Malama, wani abu da na hango: in kin zo fassara volunteer, ki guji "'yan sa kai". A Zamfara da Katsina yanzu in an faɗe ta, masu bindiga a daji ake gani. Ki ce masu ba da gudummawa.

Malamar Kwamfuta:
Na gode, da na faɗa wannan ramin. To maɓallin Update fa? Da client?

Ɗan Farm Centre:
Maɓallin ki bar sunansa yadda yake a allo, tunda da Turanci za su gan shi, sai ki bayyana shi da "tuntuɓi aikin" ko "kai rahoto". Kada kalmar sabunta ta kusance shi ko kaɗan. Client kuwa, tunda wasu na kiran saba uwar garke, a ce masa ɗan garke mana.

Ɗalibar Hausa:
Uwar garke ita ce dabbar da sauran ke bi, ba ta rabon aiki. Ni ɗan aike ya fi kwanta mini, a ba shi saƙo ya kai, ya dawo da amsa.

Basakkwace:
Ɗan aike ba ya yin aikin, kaiwa kawai shika yi. Wanga kuwa shi ka tsara wane lissafi za a fara, ya tsayar, ya ci gaba. Wakili ya fi.

Ɗan Farm Centre:
Basakkwace ya fi kusa. Kuma ku sani abu biyu ne ake ɗorawa tare: client da ke aiki a ɓoye ko an rufe taga, da Manager wanda shi ne tagar da kake gani. Shi ya sa wani ke rufe taga ya ɗauka ya kashe BOINC, alhali fanka na ta juyawa.

Mai Labarai:
Wakili namu ne, kada ku taɓa. "Wakilinmu na Abuja ya aiko da rahoto." In kun ba kwamfuta, mu me za mu ce?

Malamar Kwamfuta:
Shi ke nan, client na haƙura da shi. Zan rubuta "manhajar BOINC da ke kan kwamfutarka", inda ake bukatar rarrabewa in ce "ɓangaren da ke aiki a ɓoye". Ya yi tsawo amma ba ya ɓatar da kowa. Ga yadda sakin farko ya zama, ku duba:

"Yadda ake ɗaga sigar BOINC daga ta 7 zuwa ta 8. Ka sauko da sabuwar daga shafin BOINC na Berkeley kawai. Ba sai ka cire tsohuwar ba, kuma kada ka taɓa jakar bayanai. Ka rufe BOINC, ka buɗe fayil ɗin da ka sauko da shi, ka bi umarni. In ta tashi, lissafin da ke hannu zai ci gaba daga checkpoint na ƙarshe. Maɓallin Update ba ya ɗaga siga, rahoto yake kaiwa."

Kun ga checkpoint ta rage. Injin fassara ya ce "shingen bincike", kamar kwamfutar za ta ba ɗan sanda na goro.

Tsohon Edita:
Zango. Inda matafiyi ke sauke kaya, in ya tashi daga nan yake ɗorawa, ba ya komawa gida ya faro.

Ɗan Farm Centre:
Wannan ita ce, Baba! Daidai abin da yake yi ke nan, lokaci lokaci yana rubuta inda ya kai, in wuta ta ɗauke daga nan zai tashi. Abin da ya yi bayan zangon ƙarshe ne kawai ke tafiya.

Ɗalibar Hausa:
Ba ni da ja. Zango ta zauna.

Ɗan Damagaram:
Har a wajenmu.

Malamar Kwamfuta:
Na sa zango. Baba, na kuma sa taka a shafi na biyu: "Manhajojin lissafi kuwa da kansu suke yin saɓa, ba sai ka yi komai ba." Zan ga yadda ɗalibai za su karɓe ta ranar Asabar.

Tsohon Edita:
Ki sa ko kar ki sa, ni a rubutuna saɓa zan ci gaba da cewa ga duka biyun. Ɗaga siga ba za ta yi shekara biyu a bakin mutane ba, ku rubuta ku ajiye. Kuma "ka buɗe fayil ɗin da ka sauko da shi" ya yi nauyi, ki ce "ka buɗe abin da ka sauko da shi".

Basakkwace:
Maganar wakili fa, an bar ta ke nan?

Malamar Kwamfuta:
An bar ta zuwa bugu na gaba. Na gyara layin Baba, na tura wa mai bugawa. Ɗan Farm Centre, biyu daga cikin kwamfutocin Linux ne a kansu, ka turo mini matakansu daban kafin Juma'a, da hannu zan rubuta su a allo.